Ƙugun Rigar 'Yar Yaya

Litinin, bayan sallar asuba

Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Na ce biyu zan yi in koma, ga shi har furfura ta sauko min gemu a garin mutane. Baban Gadi, wanda muke raba ɗakin nan da shi, ya ce in daina ƙirge, wai mai ƙirga kwana ba ya ƙiba. Shi da bai ƙirga ba ma ban ga ƙibar ba.

Rashin wanda zan gaya wa ne ya sa na ɗauki biro. Ni tela ne a kamfanin wanki. Zannuwan gado da tawul na otal-otal ake jibgo mana a mota, mata su wanke, su goge, su ninke. Ni kuma ina wani lungu bayan injina da kekena, ina ɗinka musu rigunan aiki, ina gyara waɗanda suka yage. Warin bilic, ruwan nan na farar da kaya, ya zauna min a hanci, ko burodi na gutsura shi nake ji.

Shekaranjiya 'Yar Yaya ta kawo min rigarta a ninke. Ɗiyar yayata ce, ni na samo mata aikin guga a nan. Ta ce, "Kawu, injin wanki ya tsuke min ita, ka ɗan sakar min ƙugun."

Na juya rigar. Kafaɗa lafiya, hannu lafiya, tsawo lafiya. Ban taɓa ganin injin da ke zaɓen ƙugu kaɗai ya tsuke ba.

Na farke, na saki.

Laraba, lokacin abincin rana

Bari in rubuta yadda gidan nan yake, ko don in ga munin abin a takarda.

Ba a ɗaukar mace aiki sai na wata uku. In ya ƙare, a sake sa hannu. Ranar sa hannun mata na yin layi cikin rigar aiki, shugabarsu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Anti Sikeli suke ce mata, don da ido take auna mutum. In maɓallan ƙugu sun rufu lafiya, kin wuce. In sun yi gardama, ko kika nemi babbar riga, sai ɗakin Nas, a ba ki kwalbar gwajin fitsari. Daga nan ba wanda zai ce an kore ki. Kwantiragi ne dai ya ƙare.

Sannan akwai kuɗin riƙo. Duk wata ana yankar wani abu a albashi, wai ajiya ce, sai ƙarshen shekara a ba ka a dunƙule. Wanda bai kai ƙarshen shekara ba, Allah ya ba shi haƙuri.

Layi na gaba saura mako uku. Ƙarshen shekara yana bayansa kaɗan.

Ni nake ɗinka rigunan da ake awon da su. Ban taɓa tunanin haka ba sai yau.

Alhamis, da yamma

An kawo min riguna tara masu tsinkakken maɓalli. Na kasa kallon masu su.

Asabar, bayan an tashi aiki

Na tare 'Yar Yaya a bakin famfo na ce ta biyo ni lungu. Ta zauna a kan buhun tsummoki, tana murza bakin ɗankwalinta.

Na ce, "Wata nawa?"

Ta ce, "Kawu…"

Na ce, "Ke, ni na goya ki kina majina. Wata nawa?"

"Ya kusa uku."

Ba cikin shege ba ne, kar wani ya tsinci littafin nan ya ɗauki alhakinta. Da aurenta. Mijinta mai walda ne, tun da aka tsayar da ginin da yake aiki bai sake samun abin kirki ba. 'Ya'yansu uku suna gida wurin Yaya, ƙaramin ko shekara biyu bai cika ba. Albashinta ne hayar ɗakinsu a nan, shi ne tukunyar can.

Na ce ba allurar tazarar haihuwa take yi ba? Ta yi wata dariya mara daɗi. Asibitin unguwa ranar Talata da safe kawai suke yi. Ta nemi izini, Anti Sikeli ta ce za a yanke mata kuɗin yini. Ta yarda aka yanke, ta je ta bi layi har azahar, suka ce allura ta ƙare, ta dawo wani mako. Wani makon ba ta da yinin da za a yanka. Ta je kemis, kuɗin da ya faɗa kuɗin makarantar babbar 'yarta ne. Ta ce bari wata ya yi. Watan ya yi da abinsa.

Sai ta sunkuyar da kai ta ce wata ta gaya mata akwai likita mai asibitin kansa, mai tsabta, in abu bai yi nisa ba. Amma albashin wata uku yake karɓa.

Na ce, "Kar in sake jin wannan maganar a bakinki. Ki daure ki wuce layi, ki karɓi kuɗin riƙonki, ki tafi gida ki haihu kamar kowa. Riga kuma ki bar ni da ita. Me aka yi tela dominsa?"

Ta ce, "In na haihu, wa zai ci da mu, Kawu?"

Na ce Allah yana nan. Ta ce haka ne. Ta tashi.

Lahadi, da hantsi

Mai Walda, mijin nata, ya zo gaishe ni. Ya durƙusa har ƙasa, idanunsa jajur, wutar walda ta gama da su. Ba malalaci ba ne, in faɗi gaskiya. Kullum yana bakin titi da akwatin kayan aikinsa tun duku-duku, wani lokaci ya samu ƙofar da ta ɓalle, wani lokaci ya dawo da ƙura.

Ya ce, "Kawu, kun ji abin arziki?" Yana murmushi.

Baban Gadi ya ce, "Masha Allah! Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci."

Na ce, "Gaskiya ne. Sai dai mai gidan haya bai san karatun ba."

Mai Walda ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Na san sosar. Na ba shi kuɗin mota.

Talata, da azahar

Yaya ta kira. An koro babbar daga makaranta, ƙaramin yana gudawa, rufin ɗaki na yoyo. Ta ce, "Ka gaya wa 'yarka ta ƙara ƙoƙari, mu nan ita muke kallo." Na ce to. Ta ce yaushe zan zo. Na ce layin ba kyau.

Alhamis, da safe

An sallami Mai Dariya. Ita ce ke ninke tawul kusa da lunguna, ko allura ta faɗi sai ta ƙyalƙyale. Ba ta ma kai ranar layi ba, amai ya tona ta a gaban injin busarwa.

Manaja ya tara mata a fili, ya sa hannu a aljihu. Ya ce kamfani uwa ce ga kowa. Ya ce zafin injin guga ba ya yi wa mai juna biyu kyau, lafiyarsu ake dubawa. Ya ce, "Mu ba mu taɓa korar kowa ba." Aka ce a tafa, aka tafa.

Mai Dariya ta zo mayar min da riguna biyu, don kayan kamfani ne. Ta ce, "Baba Tela, ka wanke su da kyau, kar wata ta ɗauka a jikinsu." Ta yi dariyarta, hawaye na bin kumatunta.

'Yar Yaya na tsaye a bayan injin tana kallo. Gani ga wane.

Tir.

Juma'a, bayan masallaci

Na sake sakar wa 'Yar Yaya ƙugun rigar. Ta ce tana ɗaure cikin da tsohon zane kafin ta sa rigar, numfashi da ƙyar.

Talata, da la'asar

Yau ta sake kawowa, na juya rigar ciki-waje na nuna mata. Rarar ƙyallen da ake bari a bakin ɗinki ta ƙare ƙaf. Da ma ba wata rara ba ce, Manaja da kansa yake auna yadi, ko faɗin yatsa biyu na bari sai ya ce ina ɓarna.

Na gwada dabara. Na yanko ƙyalle a sabon yadi na kara a gefe. Sabo shuɗi ne shar, tata kuwa bilic ya cinye ta ta koma kalar toka. Makaho ma zai gani, balle Anti Sikeli. Na nemi rigunan Mai Dariya in yanka, ashe an riga an ba sabuwar da aka ɗauka.

Ta ce, "Ba sauran wuri, Kawu?"

Na ce, "Babu."

"Ko kaɗan?"

"In na ƙara, zare ne zai riƙe iska."

Ta ɗauki rigar ta ninke ta a hankali, gefe da gefe, kamar yadda suke ninke kayan otal. Ta ce, "To. Sannu da ƙoƙari."

Na bi ta da cewa mu je wurin Manaja, in roƙe shi, shekara huɗu ina masa aiki. Ta ce, "Mai Dariya shekara shida ta yi."

Laraba

Ban ce komai ba. Ita ma haka.

Lahadi, da yamma

Na je ɗakinsu, a kulle. Maƙwabciya ta ce ta fita tun safe da wata ƙawarta, mijin kuma ya samu aikin kwana biyu a bayan gari. Na zauna a dakali har inuwa ta juya, na dawo.

Baban Gadi ya dafa shayi ya zuba sukari kamar na gadon ubansa. Na kasa sha.

Litinin, da safe

Ta shigo lungu tana bin bango. Leɓɓanta fari fat. Ta ajiye rigar a kan keke.

"Kawu, ka mayar min da ita yadda take."

Na dube ta. Ta dubi keke.

Ina da baki. Ina da shekarun da zan ɗaga murya, in ce ina kika je, wa ya kai ki, tashi mu tafi asibiti yanzu. Amma layi jibi ne, kuma ƙofar lungun a buɗe take, mata na wucewa da kwanduna.

Na zare zaren, na bi tsohon layin ɗinkin. Ramukan allurar farko suna nan, ban ko nemi alli ba.

Laraba, da azahar

Ta wuce layi. Maɓalli ya rufu har da sauran wuri. Anti Sikeli ta ce, "Ke kam kullum kamar tsinke, me kike ci?" Aka yi dariya. Ta sa hannu.

Na shiga bayi na yi ta tofar da yawu.

Alhamis, da yamma

Jikinta zafi kamar dutsen guga. Ta je wurin Nas, aka ba ta ƙwayoyi biyu aka rubuta zazzaɓin sauro. Na tare Nas a baranda na ce, "Ranki ya daɗe, kin duba ta da kyau?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce, "Baba, in na duba da kyau, dole in rubuta abin da na gani. In na rubuta, Manaja zai karanta. Kana so in duba?"

Ba muguwa ba ce. Har ta ƙara da cewa in kai ta babban asibiti yau, kar a kwana. Na gaya wa 'Yar Yaya, ta ce in ta yi fashi an yanke yini, kuma a can za su yi tambaya, an ce har 'yan sanda suke kira. Ta ce gobe za ta ji sauƙi, matar ta ce haka yake yi.

Matar. Yau na fara jin akwai wata mata.

Juma'a

Wari. Ba na bilic ba. Matan da ke kusa da ita sun matsa.

Asabar, bayan la'asar, a barandar asibiti

Da hantsi ta faɗi. Ina kan keke na ji ihu. Na tarar da ita a ƙasa gefen injin guga, ta jawo zanen gadon wani otal ta faɗi da shi, fari ne da, yanzu ba fari ba.

Manaja ya sauko da gudu, na ce yau dai mutumin nan zai nuna shi ɗan Adam ne. Ya duba, ya ce a kira mai tasi, ba motar kamfani ba. Sannan ya ce da Anti Sikeli, "A cire mata rigar kafin a fita da ita. Da sunanmu a ƙirji."

Wallahi haka ya ce. Ina rubutawa ne don kar gobe in ce kunnena ne.

Mata suka kewaye ta da zannuwa suka tuɓe ta. Anti Sikeli ta cire mayafinta ta rufa mata, ta shiga tasin da mu, ta ɗora kanta a cinyarta, tana ta cewa, "Ke 'yar nan, buɗe ido, kar ki yi min haka." Wannan ma in rubuta, don gaskiya ce.

A asibiti sai kati. Bayan kati sai kuɗin ajiya, kafin likita ya taɓa ta. Tana kan benci jini na ɗiga, mai karɓar kuɗi yana neman canji. Na koma ɗaki a guje na farke matashina, inda nake ɓoye ajiyata.

Likitar yarinya ce, ba ta fi 'Yar Yaya ba, idonta duk gajiya. Ta fito ta ce, "Wane ne nata?" Na ce ni ne kawunta. Ta ce, "Wa ya taɓa ta, kuma yaushe?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kullum ba ku sani ba. Ita ce ta uku a makon nan. Da tun ranar da zazzaɓi ya fara kuka kawo ta, da magana ta yi sauƙi. Kuma cikin ya yi nisa kafin a taɓa shi. Me ta tsaya jira?"

Riga ta tsaya jira. Ban faɗa ba.

Ba wanda ya kira ɗan sanda. Ashe ko wannan tsoron na banza ne.

Lahadi, da asuba

Jini leda uku suke so. Mai Walda ya iso jiya da magariba, ko wanka bai yi ba, ya miƙa hannu aka ɗiba. Ya ce a ƙara, suka ce ba a yi. Nawa suka ce ya yi ƙasa, tsoho ne ni. Sauran biyun saye aka yi.

Wata ma'aikaciya tana gyara mata ƙarin ruwa tana cewa, "Lokacin da kuke jin daɗinku ba ku kira mu ba." Mai Walda ya miƙe, na riƙe masa riga. Ita ce mai allurar, ba a faɗa da mai allura.

An shiga da ita tiyata.

Lahadi, da azahar

Tana da rai.

Litinin, da safe

Likita ta kira mu ni da mijin. Ta ce abin ya ruɓe, ba yadda za su yi, sun cire mahaifar gaba ɗaya. Ta faɗa a hankali, ta maimaita.

Mai Walda ya ce, "Amma za ta tashi?" Ta ce in Allah ya so. Ya ce, "To alhamdu lillahi." Muka fito, ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa na girgiza. Can ya ce, "Kawu, da ta gaya min." Na ce da ka yi me? Ya ce, "Da na hana ta." Na ce sannan fa? Ya share fuska da bakin rigarsa.

Ya sayar da injin waldarsa da rana. Maganin kwana huɗu kuɗin ya saya.

Talata, bayan an tashi aiki

Magana ta zaga. Baban Gadi ya jira na cire takalmi sannan ya fara. "Tela, an ce 'yar taka zubarwa ta yi. Wannan fa kisan kai ne, ba wasa ba. Matan yanzu ba tsoron Allah."

Na ce, "Ban ce ta yi daidai ba. Ba zan taɓa cewa ba."

Ya ce, "To."

Na ce, "Ranar da aka sallami Mai Dariya, wa ya buɗe mata get ya duba jakarta ko ta saci tawul?"

Ya ce, "Aikina ne."

Na ce, "Ni ma ɗinki aikina ne. Nas ma aikinta ne. Kowa aikinsa yake yi, ita kaɗai ce mai zunubi."

Ya ɗauki carbi yana ja. Da zai tafi gadi ya ajiye wani abu a ƙarƙashin kofina, kuɗi ne a nannaɗe, ya ce a saya mata lemo. Bai dube ni ba.

Alhamis, da la'asar

Ƙawar da ta raka ta ta kwatanta min ɗakin matar, na je. Ban san me na je yi ba. Almakashina na aljihu, sai da na isa na tuna da shi, na ji kunyar kaina.

Bayan tashar mota ne, lungu mai kwata a tsakiya. Ɗaki ɗaya, labule mai datti, bokiti a bakin ƙofa da ƙudaje a kai. Na zaci zan ga mayya. Wata dattijuwa ce mai ciwon ƙafa, tana ba jikanta abinci a baki. Da can share-share take a wani asibiti, a nan ta ga yadda ake yi.

Na ce ni kawun wadda ta zo ranar Lahadin waccan ne, tana asibiti an cire mata mahaifa.

Ta ajiye cokali. Ta ce, "Na gaya mata ya yi nisa. Ta kama ƙafata tana kuka. Malam, ni ban taɓa zuwa ƙofar kowa ba, su suke zuwa tawa. Wanda ya iya biyan likita ai ba ya sanin hanyar nan."

A kan benci a waje mata biyu na zaune suna jira. Ɗaya ta ja gyale ta rufe fuska. Na gane takalminta, a layin ninki take.

Na tsaya a gabanta na ce, "'Yata, je ki ga 'Yar Yaya a asibiti tukuna." Ta ce, "Baba Tela, layi na gaba fa?" Na wuce. Amai na yi a bakin kwata, kwatar ma ta fi ni tsabta.

Juma'a

Na gaya wa Yaya ƙari ne aka cire mata a ciki. Ta yi salati, ta yi addu'a, sannan ta ce, "To albashin watan nan fa?" Ban ga laifinta ba. Yara uku ne a gabanta.

Litinin, da azahar

Takarda ta fito daga ofis. Wanda ya yi fashin kwana uku ba izini, shi ya ajiye aiki da kansa. Kuɗin riƙo ya bi ruwa. An kuma cire kuɗin zanen otal a ragowar albashinta.

Mu ba mu taɓa korar kowa ba.

Laraba, da yamma

Yau ta zauna har ta sha shayi. Ta rame, wuyanta kamar na kaza. Na kai mata takardar, don gara ta ji a bakina. Ta karanta ta ninke.

Na fara cewa ta yafe min, ni na ce ta jira. Ta ɗaga hannu. "Kawu, bar shi. Ko ka ce in je wurin likitan, da me zan je?"

Matar gadon kusa tana ta nishi.

Can ta ce, "Ina so ka yi min wani abu."

Na ce faɗi.

"Ka je wurin Anti. Ka ce ta gaya wa Manaja abin da aka cire min. In na warke su mayar da ni." Ta gyara zanen da ta rufa da shi. "Ai yanzu ba ni da abin da suke gudu."

Na ce, "Ke, kina jin abin da kike faɗa kuwa?"

Ta ce, "Ina ji. Injin walda ya tafi, Kawu. Wa ya rage?"

Alhamis, da safe

Na faɗa wa Anti Sikeli a bakin sito. Ta rufe baki da hannu. Ta ce ita ma nata biyu suna wurin uwarta, rabonta da su tun bara, kuma in maɓalli ya wuce ta bai rufu ba, ita za a sallama. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Ta hau sama.

Alhamis, da la'asar

Manaja ya sauko da kansa har lunguna, abin da bai taɓa yi ba. Fuskarsa a sake. Ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce yarinyar tana da hannun guga, ba a samun irinta. In ta kawo takardar likita mai hatimi da ke nuna aikin da aka yi mata, ta dawo farkon shekara. Kuɗin riƙon baya dai ya wuce, doka ce. Amma ita ba sai ta riƙa bin layi ba, kwantiragin shekara guda zai ba ta.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga, mu ma muna da tausayi."

Na ce, "Mun gode, Yallaɓai."

Da bakina na faɗa. Har na ɗan rusuna.

Asabar, da hantsi

An sallame ta daga asibiti. Likita ta buga hatimin ba ta tambayi na mene ne ba. Da na gaya wa 'Yar Yaya maganar shekara guda, ta lumshe ido ta ce, "Alhamdu lillahi." Mai Walda ya fita waje.

Na biya sauran kuɗin asibiti, na biya musu hayar wata biyu, na aika wa Yaya na makaranta. Bana ma ba zan je gida ba. Na gaya wa uwar 'ya'yana, ta ce Allah ya kai mu baɗi, muryarta ba ta ko canza ba.

Ranar Litinin akwai sababbin mata huɗu da zan auna.

Lahadi, bayan sallar asuba

Na zazzage matashin, na ƙirga sau biyu. Abin da na tara a shekara huɗu: dubu goma sha ɗaya da ɗari shida, bargo ɗaya, takalmin yara ƙafa uku da na saya tun bara, wataƙila yanzu sun yi musu kaɗan.